Kifin Ado Da Tafiyar Maigida: Yunwa Ce Ke Kashe Shi Ko Tausayi?

Mai yiwuwa ne wani daga cikin masu karatu ya yi tsaki idan ya ga an ware wannan fili sukutum domin maganar ɗan kifin da tsawonsa bai wuce yatsa ba, alhali ga manyan matsaloli jibge a gaban al'umma. Ina neman afuwarsa, amma a nawa ganin maganar ta cancanci a yi ta. Duk wanda ke shiga gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa a manyan biranenmu, ko ofisoshi da otal-otal, ya san cewa akwatin gilashi mai ɗauke da kifi ya fara samun gurbi a falo, kusa da talabijin. Kuma duk lokacin da Sallah ta ƙarato, ko hutun ƙarshen shekara, ko tafiyar Umra, sai maigida ya tsaya a gaban akwatin nan riƙe da makulli yana tambayar kansa: in na kulle gida na tafi, me kifin nan zai ci? Amsar da mutane da yawa ke ba kansu a wannan tsayuwa ita ce ke zama ajalin kifin, kuma abin mamaki, amsa ce da ta fito daga tausayi.

Kifin da nake son mu ɗauka a matsayin misali shi ne wanda masu sayarwa ke kira beta, wato ɗan ƙaramin nan mai launin ja ko shuɗi ko ruwan hoda, mai jela da fukafukai baza-baza kamar mayafin amarya, wanda akan ajiye shi shi kaɗai saboda idan maza biyu suka haɗu sai sun yi wa juna jina-jina. Asalinsa daga ƙasar Tailan ne, wadda a da ake kira Siyam, da maƙwabtanta na kudu maso gabashin Asiya, inda yake rayuwa a fadamun shinkafa da kududdufai da magudanan ruwa marasa zurfi. Na dajin ba shi da wannan ado da muke gani. Launinsa ya fi kusa da na ƙasa da ganye, fukafukansa kuma gajeru ne. Mutane ne suka yi ta zaɓe da haɗa iri, da farko domin faɗa, daga baya domin kyau. Wani nazari kan ƙwayoyin gadon kifin da aka buga a 2022 ya nuna cewa an fara kiwonsa tun shekara dubu da suka wuce ko fiye, sannan a 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin halittar ruwa da ke wakiltar ƙasar.

Da yake nazarin harshe ne sana'ata, ba na iya wuce suna ban leƙa cikinsa ba, kuma sunayen wannan kifi suna da abin faɗi. Mutanen Tailan suna kiransa pla kat, ma'ana kifi mai cizo, domin abin da ya fara jan hankalinsu gare shi ke nan. Wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Theodore Cantor, wanda ya yi bayanin kifin a 1849, ya ba da labarin yadda mutanen Siyam ke zuba dukiya mai yawa a caca kan faɗansa, har ma lasisin shirya faɗan yana kawo wa sarki kuɗin shiga. Shi ma Cantor sunan da ya laƙaba masa da Latin yana nufin mafaɗaci ne. A 1910 wani masanin kifaye ɗan Ingila, Charles Tate Regan, ya sake masa suna zuwa Betta splendens, wanda ake amfani da shi har yau, kuma kalmar ta biyu tana nufin mai ƙyalli. Ita kuwa ta farkon, wani masani ɗan ƙasar Holan, Pieter Bleeker, shi ya shigar da ita littattafan kimiyya a 1850, ya ɗauko ta ne daga bakin mutanen tsibirin Jawa na Indunusiya, waɗanda ke kiran wani ɗan'uwan kifin da ita. Masu bin asalin kalmomi sun danganta ta da betah, kalmar da a harshen Malai ke nufin jurewa, ko iya zama a wuri ba tare da ƙosawa ba.

To, mai karatu ya duba: mai cizo, mai ƙyalli, mai juriya. Kowane suna yana faɗin abin da mutum ke so daga kifin ne. Na farko na ɗan caca ne, na biyu na mai kallo, na uku kuwa na wanda ke son dabbar da ba za ta dame shi ba. Kuma wannan suna na uku shi ya fi cutar da shi.

Juriyar gaskiya ce. Allah ya hore wa wannan kifi wata gaɓa a cikin kansa, a saman gaɓoɓin da sauran kifaye ke numfashi da su, wadda ke ba shi damar leƙowa saman ruwa ya shaƙi iska kai tsaye. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin tarwaɗarmu ma tana da makamanciyar wannan baiwa, shi ya sa za ka gan ta a cikin baho a kasuwa tana motsi tun safe har yamma cikin ɗan ruwan da bai rufe bayanta ba. Saboda wannan gaɓa, beta yana iya rayuwa a ruwan da iskar oksijin ta yi ƙaranci a cikinsa, ruwan da wani kifin zai mutu a ciki cikin sa'o'i. Sai 'yan kasuwa suka ga hanya. Aka shiga sayar da shi a cikin ƙananan kofuna, ana gaya wa mai saye cewa ai a dajinsu ma cikin sawun kofaton sa yake zama. Gaskiyar magana, fadamar shinkafa ba ta da zurfi amma tana da faɗi, kuma cike take da tsirrai da ƙwari. A wajen shekarar 2000 har wani yayi aka yi a Amurka na sayar da shi a cikin kwalbar fure, tare da tsiro a sama wanda saiwoyinsa ke lilo a ruwa, ana cewa kifin zai riƙa cin saiwar, don haka ba ya buƙatar abinci ko canjin ruwa. Alhali kifin nan maci nama ne: tsutsotsin sauro da ƙananan ƙwari da ƙananan halittun ruwa su ne cimarsa. Waɗanda aka ajiye a wannan hali sun yi ta mutuwa sannu a hankali, masu su kuma suna yaba haƙurinsu.

Yanzu mu koma ga tambayar maigida mai riƙe da makulli. Abin da masu kiwon da suka daɗe a harkar suka yi ittifaƙi a kai shi ne, baligin beta mai ƙoshin lafiya, wanda aka saba ciyar da shi yadda ya kamata, kwana uku ko huɗu babu abinci ba ya yi masa komai. Da yawansu ma da gangan suke hana shi abinci rana ɗaya a kowane mako domin cikinsa ya huta. Mako guda kuma yana iya ɗauka ba tare da wata illa mai ɗorewa ba. Daga kwana 10 zuwa 14 kuwa an kai bakin iyaka. Yana iya kaiwa da rai, amma ba a kiran wannan lafiya. Wannan lissafi bai shafi 'ya'yan kifi ba, waɗanda ke buƙatar ci sau da yawa a yini, haka nan bai shafi tsoho ko maras lafiya ko wanda aka sayo jiya-jiya ba.

Dalilin wannan juriya yana cikin yadda aka halicci jikinsa. Mu 'yan Adam, da akuya da kaza, kaso mai yawa na abin da muke ci yana tafiya ne wajen ɗumama jiki, domin dole zafin jikinmu ya tsaya a wuri ɗaya ko ana zafi ko ana sanyi. Kifi ba ya biyan wannan haraji, zafin jikinsa yana bin na ruwan da yake ciki ne, saboda haka abin da yake ƙonawa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar zuwa goma na abin da dabba mai ɗumin jini mai girmansa za ta ƙona ba. Idan abinci ya yanke, sai ya fara da kitsen da ya tara da abin da ya ajiye a hanta. In waɗannan suka ƙare, sai ya koma kan naman jikinsa. A nan ne nake tuna gaiwa, wadda idan fadama ta ƙafe takan shige cikin laka ta naɗe kanta ta jira damina, har mutanenmu ke cewa jikinta take ci. Kimiyya ta tabbatar da maganarsu, domin naman jikinta ne ke riƙe ta a wannan zama. Amma gaiwa an halicce ta ne domin hakan, tana rage numfashinta da bugun zuciyarta ta kwanta. Beta ba ya kwanciya. Yana nan yana iyo, yana leƙowa, yana neman hannun da ya saba gani. Bayan mako na farko, duk ranar da ta ƙaru daga jikinsa ake cire ta, garkuwar jikinsa kuma tana raguwa, cututtukan da a da yake turewa sai su samu ƙofa.

Duk da haka, a tafiyar kwana biyar ko bakwai, ba yunwa ce ta fi kashe kifi ba. Abin da ya fi kashe shi shi ne abincin da aka zuba masa na ban-kwana. Maigida ya ɗauki gwangwani ya zazzaga abincin mako guda a lokaci ɗaya, yana ganin ya sauke nauyi, kamar yadda akan tara wa tunkiya harawa a turke. Sai dai harawa ba ta narkewa a cikin iskar da tunkiya ke shaƙa. Kifin zai ci iya abin da cikinsa zai ɗauka, har ya wuce, domin dabba ce da ba ta san ta bari ba, cikin ya kumbura har ya kasa daidaita kansa a ruwa. Ragowar kuma ya nutse ya fara ruɓewa. Ruɓewar nan tana sakin sinadarin amoniya, wanda shi ma kifin yake fitarwa daga jikinsa gwargwadon abin da ya ci, kuma amoniya guba ce da ke ƙona gaɓoɓin numfashin kifi da fatarsa ko da kaɗan ce. A babban akwati mai na'urar tace ruwa akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke mayar da amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan zuwa naitiret, wanda cutarsa ba ta kai ta sauran ba. Amma waɗannan ƙwayoyi suna da iyakar abin da za su iya sarrafawa a yini, kuma a cikin kwalbar lita ɗaya ko biyu kusan babu su. Maigida zai dawo ya tarar da ruwa ya yi fari kamar tsarin kunu, kifi yana kwance a gefe, ya ce yunwa ta kashe shi, ya ƙudurta cewa wani karon zai ƙara yawan abincin. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Abin lura a nan shi ne, kifin da bai ci ba ba ya ɓata ruwansa kamar wanda ya ci. Wato azumin da maigida ke tsoro shi ne ma ke kare ruwan har ya dawo.

Kasuwa ta kawo magunguna biyu ga wannan damuwa, kuma ni dai ban gamsu da ɗayansu ba sam, ɗayan kuma da sharaɗi. Na farko wani dunƙule ne fari mai kama da alli, an cusa abinci a cikinsa, ana jefa shi a ruwa ya riƙa narkewa a hankali har mako ɗaya ko biyu. Matsalarsa ita ce ba ya narkewa bisa yunwar kifi, yana bin yanayin ruwa ne da motsinsa, kuma an yi shi ne domin akwati mai kifaye da yawa. Ga kifi ɗaya tal a ƙaramin mazubi, ba shi da bambanci da zazzaga gwangwani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na biyu na'ura ce mai batir da ake ɗaurawa a bakin akwati tana sakin abinci a lokacin da aka saita mata. Wannan tana da amfani idan tafiyar ta wuce mako, amma sai an gwada ta na kwanaki kafin tafiya, domin abin da beta ke ci a zama ɗaya bai wuce ƙwaya biyu zuwa huɗu ba, kuma da yawan na'urorin ba su iya sakin abu kaɗan haka. Ga kuma laima da ke tasowa daga ruwan, wadda kan dunƙule abincin ya toshe ƙofa, ko ya faɗo gaba ɗaya.

Saura magani na uku, wato a bar wa mutum amana: maƙwabci ko maigadi ko ɗan'uwa. Wannan shi ne mafi kyau kuma shi ne mafi haɗari. Beta kifi ne mai wayo, yana gane mai kawo masa abinci, kuma duk wanda ya matso kusa da gilashi sai ya taso masa yana kaɗa jela kamar ya shekara bai ci ba. Bahaushe kuwa, da al'adarmu ta cewa ba a barin baƙo da yunwa, ba zai ga haka ya riƙe hannu ba. Balle a ce yara ne aka bar wa aikin, kowa ya wuce sai ya yi sadakarsa, wani ma har da gutsuren burodi ko tuwo. Dabarar da masu kiwo suka gano ita ce a raba abincin tun kafin tafiya, kason kowace rana a ƙulle shi daban, ko a zuba a 'yar akwatin nan ta shan magani mai ɗakuna bakwai, sannan a ɓoye gwangwanin inda mai amana ba zai gan shi ba. A kuma gaya masa ƙarara cewa idan ya manta jiya, kada ya rama yau. Ko sau biyu ko uku a mako ya zo, ya wadatar.

Akwai kuma abin da littattafan kiwon kifi da aka rubuta a Turai da Amurka ba su cika yin la'akari da shi ba, amma mu nan dole mu yi: wutar lantarki da yanayi. Beta yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyos. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri zafi kan haura digiri 40, kuma ɗakin da aka rufe tagoginsa ruf saboda tsoron ɓarayi yakan zama tanda. Idan ruwa ya yi zafi, jikin kifin yana ƙona abin da ya tara da sauri, iskar da ke cikin ruwan tana raguwa, dafin amoniya yana ƙaruwa, ruwan kuma yana ƙafewa, abin da ya rage ya ƙara kauri da dauɗa. Kwana bakwai ɗin da aka ƙiyasta a ƙasa mai sanyi ba lallai su cika bakwai a nan ba. A hunturu kuma, a Jos ko Zariya, sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 15, kuma ƙaramin mazubi yana bin sanyin ɗaki nan da nan. Na'urar ɗumama ruwa da ta tacewa duk da wuta suke aiki; in aka ɗauke ta na tsawon lokaci, bakteriyar nan masu amfani, waɗanda ke buƙatar ruwa mai gudu, sai su fara mutuwa. Shi ya sa nake ganin girman mazubi ya fi kowace na'ura muhimmanci a wurinmu. Lita 20 na ruwa ba ta saurin zafi, ba ta saurin sanyi, ba ta saurin ɓaci. Wanda ya ajiye kifi a kwalbar lita ɗaya ya ɗaure kansa, domin irin wannan ruwa yana buƙatar canji kusan kowane kwana biyu, ko an ci ko ba a ci ba.

Ba zan bar maganar ba tare da taɓo ɓangaren da ya fi damun mai imani ba. Kowa ya san hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya ƙara musu yarda, game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Akwai kuma labarin ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) bai hana shi ba, inda malamai irin su Ibnu Hajar suka ciro halaccin ajiye tsuntsu a keji muddin ana kula da ci da shansa. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma a fahimtata abin da aka kama matar da shi shi ne tsarewa tare da sakaci har rai ya salwanta. Wanda ya san halittar kifinsa, ya gyara masa ruwa, ya bar shi kwana huɗu bisa sani, bai shiga wannan sahu ba. Wanda ya kamata ya ji tsoro shi ne wanda ya kulle ƙofa bai ma tuna da akwai rai a falon ba. Kuma mafita ta biyu da aka ambata game da kyanwa, wato sakewa, ba ta buɗe ga mai kifi ba: in ka zuba shi a kwata ko kududdufi zai mutu, in kuwa ya rayu ya zama baƙon iri mai takura wa 'yan gida, kamar yadda aka tarar ya hayayyafa a fadamun kogin Adelaide da ke arewacin Ostireliya.

A nan ma harshe yana da hannu. Mun kira shi kifin ado, kuma a Hausa ado yana tafiya ne da jere, da kwalla da tangaran da labule, abubuwan da ake gogewa a rufe ɗaki a tafi, a dawo a same su yadda aka bar su. Da mun kira shi kifin kiwo, da kalmar da kanta ta tuna mana da nauyi, domin kiwo aiki ne na kullum, kuma ita ce kalmar da muka zaɓa har ga lafiyar jikinmu. Babu Bahaushen da zai tafi Hajji ya bar ragonsa a turke bai damƙa shi ga kowa ba. Amma wanda ya lissafa kifi cikin kayan ɗaki yana iya yin haka bai ji ya yi laifi ba. Tafiyar Hajji daga ƙasar nan kan ɗauki wata guda ko fiye, kuma babu dunƙule ko na'urar da za ta riƙe kifi tsawon wannan lokaci ba tare da mutum ya canja ruwa ba. Irin wannan tafiya hukuncinta ɗaya ne: a ɗauki akwatin a kai gidan wanda zai kula da shi, ko a kyautar.

Ga mai gajeriyar tafiya kuwa, shirin ba shi da wahala. Ana gobe ko jibi zai tashi, ya kwashe kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan tare da dattin da ya kwanta a ƙasa, ya mayar da sabo mai ɗumi daidai da na ciki, wanda aka cire wa sinadarin kulorin idan na famfo ne. Kada ya wanke akwatin tas da sabulu, kada kuma ya sauya ruwan gaba ɗaya. Ya ciyar da kifin yadda ya saba, ba ƙari. Ya janye akwatin daga taga inda rana ke bugawa, ya kashe fitilarsa ko ya haɗa ta da agogon da ke kunnawa da kashewa, domin kifi ba shi da fatar ido kuma yana buƙatar duhu ya huta. Ya rufe saman da murfi mai ƙofofin iska, saboda beta gwanin tsalle ne, amma ya bar tazara tsakanin ruwa da murfin domin ya samu inda zai leƙo ya shaƙa. Ranar da ya dawo kuma, kafin ya buɗe gwangwani ya fara duba ruwan ya canja wani kaso, sannan ya ba kifin rabin abin da ya saba ci, ya ƙara kaɗan washegari, sai a rana ta uku ya koma ma'auninsa na da.